Sikeli Ba Likita Ba Ne: Awon Ƙiba da Rama a Arewar Dogon Dutsi

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dogon Kiriya ya san tiya ba ta ƙarya, amma kuma ba ta faɗin gaskiya duka. Za ta gaya maka yawan abin da aka zuba maka. Ko geron na bana ne ko na bara, ko da tsakuwa a ciki, ko ƙwari sun riga sun cinye cikinsa, wannan kuma ba ruwanta. Shi ya sa mai saye yake tura hannu cikin buhu kafin ya biya kuɗi.

Na kawo wannan misali ne saboda wani awo da ya fara shiga bakin malaman makaranta da iyaye a ƙasarmu, tun da wayar zamani ta kai ƙauye. Ma'aikatan lafiyarmu suna kiransa IMC da Faransanci, ƴan'uwanmu na Najeriya kuma suna cewa BMI. Lissafi ne na nauyin mutum bisa tsawonsa, wanda ake cewa yana nuna ko ka rame, ko kana daidai, ko ka yi ƙiba. Wasu sun karɓe shi hannu biyu-biyu kamar hukuncin alƙali. Wasu kuma sun ce shirmen Turawa ne, ba ya da amfani ga wanda ke cin tuwon gero. Ni a ganina duka ɓangarorin biyu sun kauce hanya, kuma ƴaƴanmu ne za su ɗauki nauyin wannan kuskure.

Yadda ake lissafin

Abin ba shi da wuya, ɗan aji shida ma zai iya. Ka auna nauyinka da kilo, ka auna tsawonka da mita. Ka ninka tsawon da kansa, sannan ka raba nauyin da abin da ya fita. Mutum mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 60, zai ninka 1.70 sau 1.70 ya samu 2.89, ya raba 60 da 2.89, ya samu kusan 20.8.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa manya matakai. Ƙasa da 18.5 rama ce. Daga 18.5 zuwa 24.9 ana ɗaukar nauyin daidai ne. Daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya fara wuce kima. Daga 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce da ke iya jawo ciwo. Wato shi mai mita 1.70 ɗin nan, nauyinsa na daidai yana tsakanin kilo 53 da rabi zuwa kilo 72. Mace mai mita 1.60 kuma nata yana tsakanin kilo 47 da ɗoriya zuwa dab da kilo 64.

Ya kamata mu san asalin wannan lissafi, domin asalin abu yana nuna iyakarsa. Wanda ya fara fito da shi wani masanin lissafi da taurari ne ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, wajejen 1832. Ba likita ba ne, kuma ba maganin marar lafiya yake nema ba. Yana son ya gano yadda jikin matsakaicin mutum yake idan aka haɗa jama'a da yawa, kuma jama'ar da ya auna Turawa ne. Sai a 1972 wani masani ɗan Amurka, Ancel Keys, ya raɗa masa sunan da ake kiransa da shi yau, bayan ya duba awon maza fiye da 7,000. Babu mace ko ɗaya a cikinsu. Shi kansa Keys ya ɗauke shi a matsayin hanyar nazarin jama'a a dunƙule. Saboda haka an ƙera abin ne don ya faɗa wa hukuma halin da gari yake ciki. In aka ɗauko shi aka ɗora a kan mutum ɗaya, dole a yi taka-tsantsan.

Inda lissafin yake ɓata

Na farko, sikeli bai san bambancin tsoka da kitse ba. Mu mutanen jihar Dosso ba ma buƙatar dogon bayani a nan, domin daga wajenmu Issaka Issaka ya fito, wanda ya sha ɗaukar takobin kokowar ƙasa. Ku dubi irin samarin da ke shiga fagen kokowa bayan girbi. Da yawansu in aka yi musu lissafin nan za su haura 25, alhali ƙarfi ne a jikinsu. A gefe guda kuma ga ma'aikacin ofis a Dogon Dutsi, ƙafafu sirara, hannuwa sirara, tumbi a gaba. Lissafi zai iya ba shi 23 ya ce lafiya lau, ga shi kuwa kitsen ciki shi ne ya fi kusa da ciwon suga da hawan jini.

Masana da kansu sun yarda da wannan. A 2022 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da shawarar a riƙa haɗawa da awon ƙugu, ta kuma rage matakan ga mutanen da asalinsu Asiya ne ko baƙar fatar Afirka: a wajensu nauyi ya fara wuce kima tun daga 23, ƙiba kuma daga 27.5, domin ciwon suga yana kama su tun nauyinsu bai kai na Turawa ba. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce kada a dogara da wannan lissafi shi kaɗai wajen yanke wa mutum hukunci. In masu abin sun ce kada a tsaya a kansa shi kaɗai, mu me zai sa mu fi su riƙo?

Na biyu, kuma shi ne ya fi damuna, matakan da na lissafa a sama na manya ne. Ba na yara ba ne ko kaɗan. Jikin yaro yana sauyawa shekara bayan shekara, kuma na namiji daban, na mace daban. Don haka ne a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jadawali na musamman don yara daga shekara 5 zuwa 19. A wannan jadawali, matsakaicin yaro namiji ɗan shekara 10 yana wajen 16.4. Sai ya sauka ƙasa da 13.7 ake cewa ya rame. Ita kuwa 18.5, wadda a wajen babba ita ce bakin rama, a wajen ɗan shekara 10 ita ce bakin nauyin da ya wuce kima. To ku duba abin da zai faru in mushe ya ɗauki jadawalin manya ya auna ajinsa: kusan duk yaran za su fito ramammu, har da masu ƙoshin lafiya. Hankalin iyaye ya tashi a banza, shi kuma yaron da yake cikin haɗari da gaske ya ɓace a cikin taro.

Na uku, lissafin ba ya ganin tsumburewa. Ɗauki yara biyu ƴan shekara 10. Ɗaya tsawonsa santimita 138, nauyinsa kilo 31. Ɗayan tsawonsa santimita 122, nauyinsa kilo 24. Na farko zai samu kusan 16.3, na biyu kusan 16.1. A takarda kusan ɗaya suke. Amma na biyun ya gaza tsawon da ya kamata ga shekarunsa nesa ba kusa ba, kuma sau da yawa wannan alama ce ta yunwa da yawan ciwo tun yana ciki, tun yana goye. Tsawo ya tsaya, nauyi ya tsaya, sai lissafi ya ga sun daidaita ya yi shiru. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a Nijar, inda binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke yi ya sha nuna cewa fiye da 40 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure. Waɗannan yara su ne ke shigowa aji ɗaya kowace shekara.

Na huɗu, ruwa ma nauyi ne. Yaron da tamowa ta kumbura masa ƙafafu da fuska zai iya yin nauyi a sikeli, har wata kaka ta ce ya fara murmurewa, alhali yana bakin mutuwa. Haka mai juna biyu, ba a yi mata hukunci da wannan lissafi. Awon ciki a likita shi ne nata.

Na biyar, jikin manomi yana bin shekara. Daga shuka zuwa malka, rumbu ya yi ƙasa, aiki ya yi yawa, ga zazzaɓin sauro. Mace mai mita 1.60 da ke da kilo 50 bayan girbi tana kan 19.5. In damina ta cinye mata kilo 3, ta koma wajen 18.4, ta faɗa cikin rama. Mace ɗaya ce, jiki ɗaya ne. Awo ɗaya a rana ɗaya ba zai ba da labarinta ba, sai an san watan da aka yi awon da abin da ta auna a baya.

To a jefar da shi ke nan?

Na san akwai masu cewa tun da haka ne, a bar mu da idonmu, kakanninmu ba su san sikeli ba suka rayu. Ina girmama wannan magana, amma ban yarda da ita ba.

Ido yana sabawa da abin da yake gani kullum. A ƙauyen da rabin yara suka gaza tsawonsu, gajarta ta zama abin da aka sani, sai a ce ai haka danginsu suke. Uwar da ke ganin ɗanta safe da yamma ita ce ta ƙarshen lura da cewa ya rame, domin ramar a hankali take shiga. Sikeli da ma'aunin tsawo ba su da wannan sabo, kuma ba sa jin kunyar kowa.

Ita ma maganar cewa awon yara na Turawa ne tana da amsa. Jadawalin girman ƙananan yara da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 an gina shi ne a kan yaran ƙasashe shida: Barazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Abin da aka gano shi ne, yaran da suka sha nonon uwa, suka ci da kyau, suka samu kulawa, girmansu a shekarun farko kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ɗan Akara bai gaza ɗan Oslo ba. Saboda haka in ɗan Matankari ko Sukukutan ya gaza, kada mu yi saurin ɗora laifin a kan jini. Mu fara duba tukunya, da ruwan sha, da yawan zawo da zazzaɓi.

Sannan ga ɗaya fuskar matsalar, wadda ba mu cika son magana a kanta ba. A al'adarmu ƙiba alamar hutu ce. Amarya in ta yi wata shida ba ta ciko ba, sai a fara tambaya ko mijin ba ya ciyar da ita. Namiji in ya ajiye tumbi sai a ce ya samu duniya. Wannan tunani yana da dalili, domin al'ummar da ta sha fari da yunwa, daga na 1973 zuwa na 1984 har zuwa matsin 2005, dole ta ga jiki a matsayin rumbu. Sai dai zamani ya juya. Babur ya karɓe tafiyar ƙasa, shayi mai tarin suga ya zama na safe da rana da dare, ga lemon kwalba, ga taliya da mai. A gida ɗaya yanzu za ka iya samun uwa mai ƙiba da hawan jini, ga ɗanta a goye da tamowa. Wanda ya kai 30 a lissafin nan, in ba ɗan kokowa ba ne, to kada ya ruɗi kansa, ya je a auna masa jini da suga.

Mafi muni su ne ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a tire a kasuwanni, waɗanda ake wa laƙabi da sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu maganin buɗe ciki ne, wasu kuma irin su deksametazon magunguna ne masu ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na daban. In aka daɗe ana shan irin na biyun, fuska ta kumbura, ruwa ya taru a jiki, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Yarinya ta ga kumatu ta yi murna, ba ta san ciwo ta saya da kuɗinta ba. Kuma wanda ya daɗe yana sha bai kamata ya yanke rana ɗaya ba, sai da shawarar likita, domin yankewar gaggawa ma haɗari ce. Ina tsoron ranar da malami zai tsaya gaban aji ya ce wa budurwa ƴar shekara 15 lissafi ya nuna ta rame, ita kuma ta fita ta nufi mai tire.

Abin da nake roƙon malamai

In makaranta za ta yi awo, ta yi shi da sanin ma'aikatan CSI na yankinta, kuma da jadawalin yara, na maza daban na mata daban. A tabbatar da shekarun yaro gwargwadon hali, domin in shekara ta kuskure duk lissafin ya kuskure, mun kuwa san yawan yaranmu da ba su da takardar haihuwa. A cire takalmi, a ajiye sikeli a ƙasa mai tauri, ba bisa rairayi ba.

A yi awon sau biyu a shekara, ɗaya a watan Oktoba da an koma makaranta, lokacin da yara ke fitowa daga wahalar damina, ɗaya kuma kafin babban hutu. A rubuta nauyi da tsawo duka biyu, a ajiye. Amfanin yana cikin kwatanta awon yau da na baya. Yaron da ya shekara bai ƙara tsawo ba, ko wanda nauyinsa ke komawa baya alhali tsaransa na gaba, shi ne abin nema.

Kada a karanta sakamakon kowa a gaban aji, kada a rubuta shi a allo. Yara ba sa mantuwa da suna, kuma wanda aka kira tsinke ko buhu a aji uku zai iya kai sunan har gidan aurensa. A kira uba ko uwa a gefe, a yi magana cikin mutunci, a tura su likita. Aikin malami ya tsaya a lura da turawa. Gano ciwo da ba da magani na ma'aikacin lafiya ne, domin rama tana iya zama ta tsutsar ciki, ko tsargiya, ko ƙarancin jini, ko tarin fuka, ba ta yunwa kaɗai ba.

Kuma malami yana da abin da ya fi sikeli, wato zama da yaro kullum. Wa ke barci tun ƙarfe goma na safe? Wa ya daina fita wasa? Wa ke zuwa bai sa komai a cikinsa ba? Idon wa ya yi fari fat? Waɗannan tambayoyi babu lissafin da zai amsa su.

Abin da nake roƙon iyaye

Ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, ku manta da wannan lissafi, ku nemi igiyar awon damtse mai launi uku. In ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani, a tafi likita a ranar. In ta nuna ɗorawa, daga 115 zuwa ƙasa da 125, yaro ya fara shiga haɗari. Tsanwa kuma alhamdu lillahi. Sannan ku danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na ɗan lokaci. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne, kada a kwana. Kada wata uwa ta ce ba ta yi lakkwal ba don haka ba za ta iya ba. A gundumar Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata wannan awo, kuma sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna ba su gaza ma'aikatan sa-kai na ƙauye ba wajen gano yaran da suka kamu. Tun 2006 kuma dokar ƙasa ta ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ce, akwai CRENAS a matakin CSI, akwai CRENI a asibitin gunduma don waɗanda abin ya yi wa tsanani.

Ga ku manya, igiya ma ta isa. Ku yanki igiya daidai tsawonku, ku ninka ta biyu, ku zagaya cikinku da ita dab da saman cibiya. In bakin biyu ba su haɗu ba, ƙugunku ya wuce rabin tsawonku, lokaci ya yi da za a rage suga da mai da gishiri, a ƙara tafiya, a je awon jini. Ba a buƙatar waya, ba a buƙatar ko dala.

Ku kula da ƴan mata na musamman. Ƙididdigar 2012 ta nuna kusan 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika 18. Yarinyar da jikinta bai gama girma ba, ga rama, ga ƙarancin jini, in ta ɗauki ciki ita da jaririn ne ke rabon ɗan abin da ke jikinta, kuma sau da yawa jaririn yakan zo ƙarami. Daga nan tsumburewa ke sake sabon zagaye. Barin yarinya a makaranta har jikinta ya nuna, da ciyar da ita kamar yadda ake ciyar da yayyenta maza masu zuwa gona, yana cikin maganin tamowar jikokinmu.

Batun abinci kuwa, ba sai mun jira na kanti ba. Ƙasar Arewa tana ba da wake, da gyaɗa, da gurjiya. Muna da zogale, da kuka, da yakuwa, da ƙuli-ƙuli, da nono, da ƙwan zabi da damina. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake kwashe wake kaf a kai kasuwa da kaka, lokacin da ya fi araha, a bar yara da fura tsararo har wata shekara. Na san bashi da buƙata ne ke sa haka, ba ganganci ba. Amma maigida, in za ka ɗaure buhunan sayarwa, ware na yara tukuna, ka ɗauka ba ka noma shi ba.

Ra'ayina dai a taƙaice shi ne a riƙe wannan lissafi a matsayin tambayar farko. In ya nuna wani abu, a bincika. In bai nuna komai ba amma yaro ba ya da kuzari, ko ba ya ƙara tsawo, a bincika duk da haka. Makarantun da ke Dogon Kiriya, da Kiyeshe, da Ɗan Kasari, da Tibiri, da Gesheme, da Kore Mai Ruwa, kowace tana da kwamitin iyaye da malamai. Ina ba da shawarar a zaman farko na wannan shekarar karatu a gayyato shugaban CSI, ya zo da jadawalin yara da igiyar damtse, ya nuna wa kowa yadda ake amfani da su, a kuma tsayar da ranakun awo biyu tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, Ya ba mu damina mai albarka.